Gasar Taswira: Wace Tasha Ce Wannan?

Malamin Gadarif: Assalamu alaikum jama'a. Ga taswirar layin dogon Sudan ta wannan makon, na goge sunayen garuruwa kaf. Arewa tana sama kamar kullum. Kogi ya taso daga kudu ya nufi arewa. Layin dogo ya zo daga arewa ta gaɓar yamma, ya haɗu da wani da ya fito daga yamma, sannan ya ƙetare kogin zuwa gabas. Kudu da maƙetarar ruwan ya yi faɗi ƙwarai, arewa da ita kuma ya tsuke. Wace tasha ce?

Auta: Wa'alaikumus salam Malam. Kosti ce. Layin dogo a kan babban kogi ai sai Kosti.

Kawun Kosti: A'a ɗana, ba garinmu ba ne. A wajenmu jirgi daga gabas yake zuwa, ta Rabak, ya hau gada ya sauka Kosti, ya wuce Tandalti da Umm Ruwaba har Ubayyid. Babu wani layi da ya biyo gaɓar yamma daga arewa. Kuma Farin Nilu ba ya tsukewa a gindin gadarmu, yadda yake a kudu haka yake a arewa. Da Kosti ce, da ka ga tsibirin Aba a can sama. Ni da nake jefa taru a ruwan nan ba zan kasa gane shi a takarda ba.

Auta: To Kawu, me zai sa kogi ya kumbura a gefe ɗaya kawai?

Malamin Gadarif: Tambayar da ya kamata ka fara yi ke nan. Sake dubawa, akwai wani siririn layi shuɗi, miƙaƙƙe, da ya bar kogin ta yamma ya yi arewa. Kogi ba ya miƙewa haka.

Ɗan Maiwurno: Malam, gida ka kawo mu. Sinnar ce. Ba gada jirgin yake hawa ba, kan madatsar ruwa yake bi. Faɗin da ke kudu ruwan da aka tare ne, siririn layin kuma babbar hanyar ruwan da take shayar da gonakin Jazira. Na arewa layin Madani da Khartum ne, na yamma na Kosti, wanda ya ƙetare kuma ya bi ta Suki da Dindar da Hawata ya zo wajenku Gadarif. Da ka ja taswirar ƙasa kaɗan da garinmu ya fito.

Malamin Gadarif: Ka ci. An gama madatsar a 1925, tsofaffi suna ce mata Makwar. Layin da ya taso daga garin Haya ya iso Kassala a 1924, ya zo mana Gadarif a 1928, aka haɗe shi da Sinnar a 1929.

Ɗan Maiwurno: Mutanenmu sun riga madatsar zama a bakin ruwan nan. Bayan faɗan Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu. A gabansu aka yi aikin madatsar, a gabansu aka fara noman auduga a Jazira. Akwai ma wani ƙaramin layin dogo a cikin gonakin, faɗinsa milimita 610 kacal, wanda yake kwasar auduga zuwa gidajen gurza na Maringan da Hasahisa. Malam, wata rana ka kawo mana shi, yara da yawa ba su san an yi shi ba.

Inna ta Kassala: Sannunku da wasa. Ni dai ina da magana, kuma ba ta wasa ba ce. Malam, hoton da ka saka daga sama aka ɗauko shi, madatsar ruwa ce ƙuru-ƙuru. Ƙasar nan cikin yaƙi take tun Afrilun 2023. Duk wanda yake wannan zauren hoton ya sauka a wayarsa, ko ya so ko bai so ba. Gobe yaro ya kama hanya, a tsayar da shi a shinge, a buɗe waya a ga madatsa da gada an goge sunaye an zana kibiya. Wa zai tsaya ya saurari cewa gasa muke yi?

Auta: Inna, da girmamawa, taswirar nan tana cikin wayar kowa. Ko shi mai binciken tana cikin tasa. Ba wani sirri Malam ya fitar ba.

Inna ta Kassala: Ɗana, abin da yake cikin wayar kowa daban, abin da ka ajiye ka yi wa alama daban.

Kawun Kosti: Gaskiyar Hajiya ce. Ɗan ƙanwata ya kwana a tsare saboda hoton bakin kogi da ya ɗauka yana gyaran kwalekwale, gada ta fito a bayansa. Sai da dattawan unguwa suka je. Kuma kun san yadda ake kallon mu wani lokacin, ana jin Hausa a bakinka sai a fara tambayar takardu, ko da kakanka a nan aka binne shi. Kada mu ƙara wa kanmu.

Auta: To a daina gasar ke nan? Ni wallahi ita ce abin da nake jira duk mako. Makaranta ta tsaya mana, a nan nake koyon ƙasar.

Inna ta Kassala: Ban ce a daina ba. Na ce a sauya yadda ake yi.

Malamin Gadarif: Na karɓi shawarar Inna. Na cire hoton, kowa ya goge nasa. Daga yau zanen hannu kawai, biro da takarda, ko kuma a faɗi alamomin da baki. Ban da hoton sama, ban da hoton gada ko madatsa ko barikin kowa.

Auta: Amma zanen hannu ba shi da ma'auni, Malam. Ni da awo nake ganewa. In na ga tsawon layin sai in gwada shi da taswirar waya.

Ɗan Maiwurno: Wannan ɗin ma ai abin dubawa ne. In waya ce za ta nemo maka, ina gasar?

Auta: Yaya, wayar ba ta faɗa mini amsa. Ni nake zaɓar inda zan duba. Kai da ka gane Sinnar ai don garinku ne, ni ban taɓa zuwa ba. Wanda bai yi yawo ba da me zai yi gasa in ba taswira ba?

Malamin Gadarif: Ina bayan Auta a nan. A aji ma muna ba yara littafin taswira su nema. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a tura hoton cikin intanet ta nemo makamancinsa. A buɗe taswira a bi layi da yatsa, wannan karatu ne.

Baban Atbara: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Na yi zane, ta ɗauka ta tura. Ga layi ya sauko daga arewa maso yamma, miƙaƙƙe, babu gari babu kogi babu itace. Sai ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya ci gaba kaɗan ya tarar da kogi daidai inda kogin ya yi gwiwa, akwai babban tsibiri a wurin. Ɗayan ya karkata kudu maso yamma. Sunan mararrabar nake so.

Auta: Baba, Haya ce? Can ma layi ya rabu biyu a cikin daji.

Baban Atbara: Haya tana gindin duwatsu, kuma babu Nilu kusa da ita ko kaɗan. A Haya reshe ɗaya Kassala yake zuwa, ɗaya ya hau dutse zuwa teku, ɗaya ya zo mana Atbara. Dubi kogin da na zana.

Kawun Kosti: Babanusa?

Malamin Gadarif: Kawu, Babanusa ma ba kogi. Can ne layin Niyala ya rabu da na Wau. Baba, kibiyar da ka sa a kan kogin na nuna ruwan ya zo daga kudu, ya kai gwiwar, sannan ya juya kudu maso yamma. Haka kake nufi, ko hannun jikar ne?

Baban Atbara: Haka nake nufi, Malam.

Auta: Na gani! Wuri ɗaya ne Nilu yake juyawa baya haka, Abu Hamad. Tsibirin Mugrat ne. Reshen kudu maso yamma na Karima ne. Amma mararrabar a taswirata babu suna, lamba kawai aka sa, 10.

Baban Atbara: Allah ya yi maka albarka. Lambar ita ce sunan. Daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad tashoshin lamba gare su, daga 1 har 10, domin babu gari ko ƙauyen da za a ara sunansa. Tafiyar ta haura kilomita 300 cikin rairayi da baƙin dutse.

Ku tambayi kanku, me ya sa mai hankali zai bar bakin kogi ya yanka cikin hamada? Kogin tsakanin Halfa da Abu Hamad ya yi dogon zagaye ta Dongola da Karima, ga duwatsu a cikinsa da jirgin ruwa ba ya iya wucewa sai lokacin cika. Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, yana so ya kai soja da makamai Omdurman, sai ya yanke zagayen. Sun fara a Janairun 1897, ƙarshen Oktoba ƙarfe ya isa Abu Hamad. A 1898 yana Atbara, a shekarar aka yi yaƙin Karari kusa da Omdurman. Ƙarshen 1899 ya kai Halfaya, wato Bahri ta yanzu.

Abin da ya fi ba su wahala ruwa ne. Kan jirgi na wancan zamanin tururi yake sha, ga ma'aikata su ma suna buƙata, don haka jirgin da zai kai ƙarfe gaba sai ya ja taragon ruwan da zai kai shi ya dawo da shi. Kullum layi yana tsawo, taragon ruwa suna ƙaruwa, na kaya suna raguwa. Sai Allah ya sa suka haƙa rijiya a hanya suka sami ruwa. Shi ya sa Lamba 6 ta fi sauran rai, nan jirgi yake tsayawa a sha, a yi alwala, a yi salla. Ni zamanin dizal na yi aiki, amma manyan direbobin da suka koya mana ba da kilomita suke ƙirga hanya ba, da tankin ruwa suke ƙirga ta. In za ku karanta taswirar layin dogon Sudan, ku fara neman ruwan: ina kogi yake, hagu ko dama, ina aka ƙetare shi, ina aka guje shi, in babu shi ina rijiya. Sinnar ɗin da kuka yi ɗazu ai ruwa ne ya faɗa muku ita.

Ɗan Maiwurno: Baba, ina jin wannan sai raina ya sosu. Ƙarfen da muke alfahari da shi don yaƙar Musulmi aka fara shimfiɗa shi. Turawan da suka yi Karari su suka yi Burmi, shekara biyar tsakani.

Baban Atbara: Haka ne ɗana, ba a ɓoye wannan. Amma wanda ya shimfiɗa daban, wanda ya riƙe daban. Mu muka riƙe shi. A Atbara aka yi babban gareji da hedikwata, har ake ce wa garin birnin ƙarfe da wuta. Ma'aikatan jirgin ne suka fara haɗa kai suka tsaya wa Turawa kan haƙƙinsu tun ƙasar ba ta sami 'yanci ba. A kan layin nan kuma aka kwashe mutanen Wadi Halfa a 1964, da ruwan madatsar Aswan zai cinye garinsu. Suka bi ta lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, suka biyo ta wajenmu, ta Haya da Kassala, har Khashmul Girba inda aka gina musu sabuwar Halfa. Manyanmu da suka ja jiragen sun sha ba mu labarin kukan da aka yi a tasha.

Inna ta Kassala: Allah ya jiƙan magabata. Mahaifiyata ta ga wucewarsu.

Yayar Madina: Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na karanta duka. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ga tawa da baki. Layi ya sauko daga arewa, doguwar tafiya, ya zo ya ƙare a cikin gari. Babu kogi, babu teku. Dab da tashar akwai masallaci mai ƙubba da hasumiya biyu, ginin baƙin dutse. Jirgi ya daina zuwa tun tuni, amma ginin yana nan.

Auta: Ubayyid? Can ma layi ƙarewa yake yi.

Kawun Kosti: Ubayyid daga kudu maso gabas layi yake shigarta, ta Rahad. Ba daga arewa ba.

Baban Atbara: 'Yata, nawa ne faɗin layin?

Yayar Madina: Milimita 1,050, Baba.

Baban Atbara: To ba namu ba ne. Namu 1,067 ne daga Halfa har Niyala. Ki faɗa musu ki huta, gabanki kika zana.

Malamin Gadarif: Tashar Anbariyya ta Madina, ƙarshen layin Hijaz. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na Biyu, ya sa aka fara shi daga Dimashƙa a 1900, ya iso Madina a 1908, wajen kilomita 1,300, ta Tabuka da Mada'in Salih. An so a kai shi Makka, bai kai ba.

Ɗan Maiwurno: Amma Malam, wannan ta halatta? Mun ce tashoshin Sudan. In aka buɗe ƙofa gobe wani zai kawo mana Indiya.

Yayar Madina: Ƙanena, me ya kawo kakanninmu Sudan in ba hanyar nan ba? Duk wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Katagum da ƙafa, Makka da Madina ya nufa. Wasu suka isa, wasu guzuri ya ƙare suka tsaya cirar auduga a Jazira ko noman dawa a Gadarif don su tara kuɗin jirgin ruwa, aure da haihuwa suka riƙe su. Ni a ganina tashar Madina tana cikin taswirarmu. Yanzu ma ga jirgin Haramaini tun 2018, Makka zuwa Madina kilomita 450 ta Jidda, alhajin Kassala da na Kano kujera ɗaya suke zama.

Ɗan Maiwurno: Yaya, ban musa tarihin ba. Ina cewa dai gasa sai da iyaka, don wanda bai taɓa fita ba ya sami abin kamawa.

Malamin Gadarif: To ga iyakar: hanyar alhazai, daga ƙasar Hausa zuwa Harami. Duk tashar da take kanta ta shiga. Amma mai tambaya ya faɗi ƙasar tun farko.

Ɗan Maiwurno: Na yarda da wannan.

Malamin Gadarif: Tunda an zo nan, ku buɗe taswirar Afirka ku ga wani abu da yake ci mini rai duk lokacin da nake koyar da shi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. A shekarar nan dai ya isa Ubayyid. Faɗin layin Najeriya na da 1,067 ne, daidai da namu, taragon Kano zai hau ƙarfen Kosti ba tare da an taɓa ƙafarsa ba. Daga baya namu ya matsa yamma ya kai Niyala a 1959, nasu ya matsa gabas ya kai Maiduguri a 1964. Sai kowa ya tsaya. Tsakanin Maiduguri da Niyala ya haura kilomita 1,000, kuma Chadi ba ta da layin dogo. Wurin da babu zane a taswirar nan shi ne inda mutanenmu suka fi shan wahala, a ƙafa da jaki, daga baya a bayan manyan motoci, ta Abeshe da Adare da Jinaina.

Kawun Kosti: Kakana ya ce ranar da suka iso Ubayyid suka ga jirgi, wasu a ayarinsu sujada suka yi. Ba su da kuɗin tikiti ma, sai da suka yi aiki a kasuwar ƙaro tukuna.

Baban Atbara: Da an haɗa layin nan da tuni zumunci bai yanke ba. Akwai 'yan uwana a Haɗeja da ban taɓa gani ba. Yanzu kuwa ba ta haɗawa muke ba, addu'a muke a gyara wanda yake hannu. Tun kafin yaƙi aka bar shi ya lalace, kaya suka koma kan titi bayan an yi kwaltar Khartum zuwa Bur Sudan, katakon ƙarƙashin ƙarfe ya ruɓe ba a sauya ba, damina ta wanke wasu wuraren. Ina jin ciwon abin har raina.

Inna ta Kassala: Allah ya kawo zaman lafiya, Baba, a gyara kana raye. Bari in kawo tawa, da baki, ƙasar Sudan. Layi ya gangaro daga kan duwatsu yana lanƙwasa, ya sauko fili, teku tana gabas. Sai ya rabu. Reshe ɗaya ya yi arewa zuwa babban gari, har yau yana nan. Ɗayan ya yi kudu maso gabas zuwa wani ƙaramin tsibiri kewayayye a cikin lungun teku, shi wannan reshen an daina bin sa. Daga nan kakata ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Auta: Inna, wannan unguwarmu ce! Tsibirin Sawakin ne, babban garin Bur Sudan. Duwatsun kuma su Sinkat da Jabait.

Inna ta Kassala: Mararrabar na tambaya, ɗana.

Baban Atbara: Kada kowa ya faɗa masa. Ya bi layin da yatsa daga Jabait ya gangaro.

Malamin Gadarif: Kafin ya dawo: layin ya iso teku daga Atbara a 1906. Sawakin ce tsohuwar tashar ruwa, amma mashigarta ƙunci gare ta ga murjani, manyan jirage ba sa iya juyawa, shi ya sa aka gina Bur Sudan aka buɗe ta a 1909. Kasuwanci ya koma can, alhazai dai suka ci gaba da tashi daga Sawakin.

Auta: Sallum! Mararrabar Sallum.

Inna ta Kassala: Ka ci, Allah ya yi albarka. Yanzu kai za ka kawo.

Auta: To ga tawa, ƙasar Sudan, kuma na bi shawarar Baba na fara da ruwa. Nilu yana yamma, layi yana gabas da shi, suna tafiya tare. Gabas da layin, a kan tudun rairayi, na zana ƙananan alamomi masu kusurwa uku, da yawa, a cure wuri ɗaya. Sunan tasha mafi kusa nake so.

Kawun Kosti: Dalar Fir'aunonin nan ne. Karima ce, gindin dutsen Barkal.

Auta: A'a Kawu. A Karima layi ƙarewa yake yi. Nawa ya shigo ta ƙasan takarda ya fita ta sama, kuma ruwan arewa yake tafiya, ba kudu maso yamma ba. Baba, don Allah ka bari sai bayan isha'i kafin ka yi magana, a ba su Yaya dama su nema.